Tsirkiyar da Ka Ɗaura a Multan

Ya hasken idona, inuwata a zafin rana, ruwan randata mai sanyi, Gulrez nawa! Ka ga yau na rubuta sunanka ƙiri-ƙiri, abin da bakina bai saba ba. To yaya zan yi? Gidanmu ya daɗe babu mai kiran sunan wani, gara ni in fara.

Ka tuna ranar da muka zo hubbaren nan na Multan kafin aurenmu, lokacin da babu wanda ya san ka sai maƙwabtan da kiɗan turawan nan na rok da kuke yi kai da abokanka ke hana wa barcin rana? Gashi har kafaɗa, jita a baya, babanka ya ce ko ita ko gidansa, ka zaɓe ta. Mutane na ɗaura zare a ragar tagar waliyyi, kowa da buƙatarsa, da alkawarin in Allah ya biya zai dawo ya kwance. Kai kuwa, sarkin taurin kai, ka ce zare na masu ƙaramin buri ne. Ka cire tsirkiyar jitarka ta ƙarfe ka murɗa a ragar, ka roƙi muryar da ƙasar nan kaf za ta ji. Inna Barkate mai sayar da zare ta ce, "Ɗan nan, ƙarfe ba ya kwantuwa da daɗi fa." Ka yi dariya ka ce, "Inna, in na yi suna, da mota zan zo, ki kwance min da kanki." Ni kuma na ɗaura jan zarena a jikin tsirkiyarka, ban roƙi komai ba sai kai.

An biya mana mu duka. Waƙoƙin da ka tsara a saman benenmu na Lahore suka shiga kowace bas da kowane shagon shayi, matasa suka cika filin wasan kurket suna rera su, babanka ma ya sayi kaset a ɓoye. Wa ya kai ni alfahari? Duk shekara in ce mu je Multan, ka ce sai bayan wannan wasan.

Sai maganarka ta fara zuƙewa kamar rijiya da rani. Zolaya ta fara tafiya, mita ta bi ta, a ƙarshe har sallama. Likitoci sun leƙa maƙogwaronka ba su ga komai ba. In ka hau dandamali murya ta fito kamar aradu, in ka sauko ka buɗe baki sai iska. Wayyo masoyina! Ƙasa guda na jin ka, matarka ba ta ji. Ina kishin direban bas, ina jin tsoron shirun da ke zaune tsakaninmu a kan tabarma.

Shi ya sa yau na taho ni kaɗai. Inna Barkate ta makance, amma kafin in yi sallama ta ce, "Matar mai ƙarfen ce? Zo ki ji, mijinki ya ishe mu da surutu." La'asar ce, rana tarwai, ko ganye ba ya motsi. Tantabaru sun cika farfajiyar, ban da kusurwar nan. Dubban zaruruwa sun yi lamo, tsirkiyarka kaɗai ke rawa. Na kara kunnena, sai na ji murya. Kai ne, Gulrez. Kuma muryarka ta gida ce, mai 'yar dishewar safiya. "Nuzhat, ina kika kai min silifas?" "Nuzhat, gishirin miyar dal ɗin nan ya yi yawa." "Nuzhat, yau kin yi kyau." Ashe duk shekarun nan kana yi mini magana, a nan maganar ke sauka, gaban makauniya da kabari! Na yi kuka har Inna ta ce in matsa, ina tare wa masu ziyara hanya.

Na kai hannu in kwance, na tarar tsatsa ta haɗiye zarena, ya zama ɗaya da tsirkiyar. Inna ta ce ko an kwance ko an datse, muryar waƙa za ta koma inda ta fito, taka ta dawo maka. Amma wanda ya murɗa ne kaɗai zai iya warwarewa a hankali zaren ya tsira. In an datse, abin da na roƙa ya tafi da shi.

Ranar Alhamis ce babban wasanka na Karachi, na sani. Ina roƙon ka, don darajar shayin da muke sha a kofi ɗaya, ka bar wasan ka zo. Yatsunka sun san ƙarfe, nawa sun san zare. Zan zauna a gindin tagar nan har a kira magaribar ranar Alhamis ɗin. In ba ka zo ba, na riga na sayi filaya, da ita zan datse tsirkiyar. Gara ka ce gishiri ya yi yawa a gidan wata, da ka mutu a nawa bakinka cike da iska.

Taka tun kafin a san ka, taka ko zaren ya tsinke,
Nuzhat