Saiwar da Ke Jiran Shekara Uku

Asabar, 19 ga Oktoba 2024

Yau na tona ƙasar gidanmu na garin Bowie, nan ƙasar turawa, da hannuna. Shekara ashirin da biyu a gidan nan, ban taɓa sa komai a ƙasa ba. Yakuwa a bokiti, tattasai a bokiti, don kullum gani nake ba zama muka zo yi ba.

Haula ce ta ja mini. Auta, kuma ita kaɗai ce mace. An sa bikinta da Tahir 14 ga Yuni, ta ce furen da za ta riƙe ba na kanti take so ba, nawa take so. Na amsa tun kafin in yi tunani. Babanta ya ce to, in yi aikin ban kwana da gidan, tunda ana gama biki za mu sayar mu koma Damagaram. Ni ce ma na fi shi matsa wa maganar komawa, shekara da shekaru.

Wai a shuka iri ana shirin shiga sanyi. Mu da muka saba jiran ruwan fari. Maƙwabciyata Martha ta rantse haka ake yi, irin sai ya sha sanyi yake ƙarfi. Ta miƙo mini wata saiwa ta kan shinge, mummuna kamar busasshen rogo, wai fiyoni, irin manyan furannin bakin ƙofarta. "Sai ta shekara uku take fure." Na mayar mata. Na ce ba za mu kai ba.

Litinin, 6 ga Janairu

Dusar ƙanƙara ta rufe komai. Na tsaya a tagar kicin har shayina ya huce, ina ganin layukan furannin da na shuka a raina, shuɗi da fari suna kaɗawa, Haula na tafe a tsakaninsu da lulluɓi. Sai motar share hanya ta wuce, na dawo hayyacina. Tsoro nake ji. In sun mutu me zan ce wa yarinyar nan?

Talata, 18 ga Maris

Suna da rai, har sun miƙe. Da azumi a bakina na durƙusa cikin taɓo ina yi musu sannu.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ƙanen Baban Haula ya aiko hoton gidanmu na Damagaram, an gama fenti. Ya yi kyau, ba ƙarya. Amma tsakar gidan duk siminti, daga bango zuwa bango. Na yi ta jan hoton da yatsa ina neman ko tafin hannu na ƙasa. Baban Haula ya ce, "Ɗija, ba ke kika ce a shafe ba, wai kin gaji da shara?" Ni ce. Na ce masa ya yi kyau, na fita ban ruwa.

Asabar, 17 ga Mayu

Furannina sun kai mini ƙugu. Sunayensu na turanci sun ƙi zama a bakina, sai na raɗa musu nawa: Doguwa, Shuɗiya, Mai Kunya. Fiyonin Martha kuwa sun yi gaggawa, wata guda kafin biki. Ta ce in zo mu yanke su tun suna dunƙule, a naɗe a jarida a kwantar a firigo, za su yi barci har ranar. Guda sittin. Na kwashe daddawa da kuka daga firigon gareji na shimfiɗa su. Ina buɗewa sau uku a rana ina leƙa su, ko kunya.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. Baban Haula ya dawo daga gonar da ake yanka da naman rago guda, ya buɗe firigo ya tarar da jarida. Na tare ƙofar. Na ce wallahi ko hanta ba za ta shiga nan ba. Ya dube ni, ya dubi naman, ya ce bana sadaka ta yi rinjaye ke nan. Ya yini a mota yana rabo daga Bowie har garin Alexandria da ke can gaba da mu. Cinya ɗaya ta rage mana, na soye ta tas. Bawan Allah. Na ji tausayinsa, amma ban matsa ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

An yi. Tun ranar Alhamis muka jiƙa fiyonin a bokitai, suka farka ɗaya bayan ɗaya, bakwai ne kawai suka ƙi. Nawa na yanka jiya da sanyin safiya, raɓa na jiƙa mini zane. Na haɗa da hannuna, na ɗaure da bakin tsohon mayafin Inna.

Haula da kullum sai ta amsa mini da turanci, jiya da Hausa ta yi magana. Ta tusa fuska cikin furen ta ce, "Mama, in na haihu nan zan kawo su su ga gonarki." A garin Sterling za su zauna, tafiyar awa guda daga nan. Ta manta ne, ko da gangan ta yi? Kuka na yi har kwallina ya zube.

Laraba, 20 ga Agusta

Mai sayar da gidaje ta sake kira. Na ce maigidan ba ya nan. Yana falo.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ba wani abu ba ne. Martha na rage saiwoyinta, na ga za ta zubar, kuma ni ba na son ɓarna. Guda uku na karɓa. Na sa su kusa da tagar kicin, ba zurfi, yatsa biyu kawai kamar yadda ta nuna mini. Duk wanda ya sayi gidan ya more.

Ina cikin tura ƙasa na ga inuwar Baban Haula a kaina. Ya ce, "Wannan ce mai shekara ukun?" Na ce ita ce, ban ɗago ba. Sai ya je ya jawo tiyo, ya tambaye ni ruwa nawa take sha.