Layukan da Na Tsallake Miki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hannatu.

Gaisuwa ta ɗiya ga uwa, da durƙuso har ƙasa. Ina fatan kina cikin hutun da Ubangiji ya tanadar wa nasa. Mu nan Tawa lafiya lau. Damina ta yi kyau, ƙanenki Kawu Idi ya aiko mana da gero daga Kalfu. Bayan gaisuwa, akwai maganar da na shekara biyu ina dakonta tun rasuwarki. Yau zan sauke ta, ko da duk wanda ya karanta wasiƙar nan zai san ainihin halina.

Na farko dai zai ba ki dariya. Na fara karanta Littafi Mai Tsarki kullum, ni kaɗai, ba wanda ya sa ni. Ni Saratu, wadda sai kin yi kira uku kafin in ɗauko shi, ina tafe ina tura baki.

Ba da sauƙi abin ya zauna ba. Na sa waya ta riƙa tuna min, in ta yi ƙara in ce bari in gama wannan, shi ke nan an wuce wurin. Na mayar da karatun bayan na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, sai in farka da la'asar littafin yana kan ƙirjina. Na gwada na Faransanci, idona ya yi ta gudu a kan takarda, in rufe ban san me na karanta ba. Daga ƙarshe na ciro na Hausa, na marigayi Baba, wanda kika ɗinka wa riga da ƙyallen zanenki. Ladanin masallacin bayan gidanmu shi ne agogona. In ya kira asuba maƙwabta su tashi ga tasu ibada, ni ma in tashi ga tawa. Ba na ɗora ruwan shayi sai na karanta sura guda, da murya, yatsana a ƙarƙashin layi kamar 'yan ajina. Wata takwas ke nan, kwana huɗu kaɗai na fasa.

Za ki ce me ya kawo yatsa ga malamar makaranta. To, ga dalilin.

Kin tuna bayan rasuwar Baba, ina shekara goma sha huɗu, karatun safe ya dawo kaina. Ke ba ki yi boko ba. Kina tankaɗe, ni ina kan tabarma da kayan makaranta a jikina. Kikan ce, “Karanta mani, ɗiyata, idona na ganin baƙi amma bai san shi ba.”

Inna, sauri nake yi. Wanda ya makara a ƙofar makaranta sai ya yi shara, ni kuwa ina jin kunyar a gan ni da tsintsiya. Sai na koyi dabara. In karanta ayoyin farko, in tsallake tsakiya, in dira a ƙarshe, in ce amin. Wani lokaci in haɗa shafi biyu in juya. Muryata ba ta ko rawa. Ke kuma ki ce, “Allah shi yi maki albarka, yau surar gajera ce.”

Da na girma ban gyara ba, don kin riga kin haddace su yadda na ba ki. Kanki ya fi na kowa riƙo. Kina wanke-wanke kina maimaitawa, ina jin inda ramin yake, in yi kamar ban ji ba. Akwai sura ɗaya da kika fi so, ita kike sa ni in maimaita miki duk ranar da ranki ya ɓaci. Kullum guntuwarta nake ba ki.

Sai ciwon nan ya kwantar da ke. Ba zafin jiki ne ya fi damunki ba, tsoro ne. Kin sha riƙe hannuna ki ce, “Ba mutuwa nika tsoro ba, zama ni ɗaya can.” Ni da bakin bayani a gaban allo, sai dai in gyara miki matashin kai in sake zance.

Ranar Talata da hantsi fasto ya zo duba ki. Ya tambayi abin da kike so a karanta, kika faɗi surar nan. Ya fara, leɓunanki suna bin sa. Da ya shiga tsakiya sai kika ɗaga hannu. Har yau ina jin muryarki: “Tsaya, fasto, ka yi ƙari. Wanga ba shi ciki. Saratu ta karanta mani shi ya hi a ƙirga, kuma ita har lise ta yi, babbar makaranta.”

Fasto ya dube ni.

A nan ne ya kamata in durƙusa in faɗi gaskiya. Abin da ya fito daga bakina shi ne wai nasa sabon bugu ne. Kika ce to a ɗauko tsohon, na Baba, ɗiyarki ta karanta. Na ɗauko. Ina ganin layukan da idona, baƙi a kan fari, na tsallake su kamar yadda na saba, don kada ki gane a gaban baƙo. Kika yi murmushi kika ce, “Yawwa, haka nis san shi.” Kwana uku bayan nan kika tafi.

Kawu Idi da abokansa na masallaci suka taya mu haƙa kabari, kowa yana yaba yadda na yi jinyarki. Ni kaɗai na san abin da na yi. Fasto bai taɓa ɗaga maganar ba, ni kuwa har yau in na hango shi a kasuwa sai in sake layi.

Shi ya sa na fara daga shafin farko, ina bi a hankali. Ba karatun daɗi ba ne, Inna. Ina cikin tafiya sai in ji muryarki tana raka ni, kalma da kalma, sai kwatsam ta yi tsit. Duk inda kika yi shiru, na san nan ne na yi miki sata. In ci gaba ni kaɗai a tsakar gida, sai can ƙasa ki sake kama ni. Wata safiyar nakan waiga wajen turmi. Ba kowa, sai kaji.

Na san ranar da zan iso surar nan tun saura mako biyu. Na fara rage tafiya, ina raba sura guda gida biyu. Kwana huɗun da na ce miki na fasa, duk a makon jiya ne. Na ce ciwon kai, amma tsoro ne.

Yau na karanta ta. Kin raka ni ayoyin farko, kika tsaya inda kika saba tsayawa, na shiga tsakiyar. Aya shida ce. Magana ce ga mai tsoro, ana gaya masa ba za a bar shi shi ɗaya ba, ko a inda ba ɗan'uwan da zai iya bin sa. Amsar abin da kika yi ta tambayata ce kina riƙe da hannuna, tana cikin ɗakinki, cikin ƙyallen zanenki, shekara da shekaru.

Na sake karantawa ina duban agogo, don in san nawa na ci riba. Ko minti ɗaya ba ta cika ba. A kan abin da bai kai minti ɗaya ba na bar ki kika tafi da tsoro.

Ki yafe mini, Inna. Ban san ko wasiƙa tana isa inda kike ba, amma gobe in Allah ya kai mu zan tashi in ɗora daga inda na tsaya.

Ubangiji ya ba ki hutawa. Ya sa ba ki yi zaman kaɗaici ko na ƙiftawar ido ba. Abin da na hana ki ji da bakina, shi ya faɗa miki da nasa, cikakke, ba tsallake. Amin.

Ɗiyarki mai neman gafara,
Saratu