Ruwan da Na Ba Jikana a Ɓoye

Malama Habiba, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kwana huɗu ke nan ko salla na tayar hankalina ba ya wurin.

'Yata Firdausi ta yi haihuwar fari, ta zo gida wanka nan Zaitawa. Daga asibiti ta taho mana da doka, wai kada a ba yaro komai sai nono har wata shida, ko ruwa. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma a raina dariya na yi. 'Ya'ya bakwai na goya, duk da ruwa, sai wata yarinyar asibiti da ta sa fararen kaya jiya-jiya ce za ta koya mini goyo? A wannan zafin kuma, da ko kaza baki buɗe take yawo? Abin da ya fi damuna haƙƙi. Rai ne fa, ba shi da bakin cewa yana jin ƙishirwa, na ji tsoron a tambaye ni gobe ƙiyama. To kullum in ta shiga wankan safe sai in ɗebo a randa, in yi bisimilla, in ɗiga masa cokali biyu.

Ranar Talata gudawa ta kama shi. Yayar mahaifin Firdausi, Hajo, wadda babu ciwon da ba ta san maganinsa ba, ta iso mayafi a kafaɗa ta ce nonon ne ba shi da kyau. Ta sa aka tatsa a murfin kwano, ta jefa tururuwa, tururuwa ta mutu. Shi ke nan, an yanke hukunci. Tun jiya Firdausi ta hana shi nono, kuka kawai take wai ita ta cuci ɗanta, Hajo kuma sai dama masa madarar gwangwani take. Na san abin da na yi, na kasa buɗe baki. In na faɗa, da wane ido zan dubi 'yar da na hore ta a kan gaskiya?

Kaka, daga Zaitawa

Wa alaikumus salam, Hajiya Kaka.

Mu fara da babbar likitar gidanku. Tururuwa ko a zamzam Hajo ta jefa ta, nutsewa za ta yi. Wannan gwajin bai nuna komai ba sai cewa tururuwa ba ta iya iyo ba.

Tausayinki na gaskiya ne, zafin Kano ma gaskiya ne. Amma nono yawancinsa ruwa ne, tsabtatacce, wanda bai bi ta jarkar mai garuwa ba. Mai jego ake ɗura wa ruwa, jariri kuma a yawaita sa shi a nono. Ba zan rantse cewa cokalinki ne ya jawo gudawar ba, wannan a asibiti za a duba. Bakwai ɗinki kuwa Allah ne ya kiyaye, ba randa ba.

Ga inda kika ba ni mamaki. Kin ji tsoron hisabi a kan ƙishirwar da babu ita, amma kina zaune kina jan carbi 'yarki na zargin kanta da laifin da ba ta yi ba. Wannan ba kunya ba ce, Hajiya, tsare mutuncin kai ne, kuma jariri ke biya.

A mayar da shi nono yanzu, kafin ki ninke jaridar nan. Mai gudawa ya fi kowa buƙatarsa. A kai shi asibiti yau, a gaya musu komai, har ruwan da madarar. Hajo a ba ta girmanta, a bar mata damun kunun kanwa. Ke kuma ki ja Firdausi ɗaki, ku biyu, ki faɗa mata ba kwana-kwana. Za ta yi fushi, tana da gaskiya. Ki jure, zai wuce.

Allah ya ba yaro lafiya, ya raya shi, ke kuma ya ba ki ƙarfin gwiwa.

Malama Habiba