Na sa wa agogon Baffa batir, Yayana bai sani ba

Admin don Allah a ɓoye sunana.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya ƙulle. Ni dattijo ne ɗan fansho a Haɗeja, na haura saba'in, 'yata ce ta sa ni a nan ta ce akwai masu son tsofaffin agogo kuma akwai masu hankali. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, in ban faro ta daga tushe ba, ba za ku gane inda ta ɗaure ba.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, ni da Yayana wanda ya ba ni shekara takwas. Asalinmu masu shanu ne, mahaifin namu da muke kira Baffa shi ne ya fara zama cikin gari amma bai rabu da kiwo ba. Ana gab da samun 'yancin kai wani Bature likitan dabbobi ya zo yi wa shanu allura, ruwa ya cika fadama ta wajen Kirikasamma, ba hanya, Baffa ne ya ratsa da shi rugage, wani wurin a kwalekwale wani wurin a ƙafa ruwa har ƙirji. Da zai tafi ya cire agogon hannunsa ya ba Baffa. Agogo ne mai wani, wato irin wanda ake murɗa masa ɗan kan nan na gefe kowace safiya, in ba a murɗa ba ya tsaya. Baffa shi da inuwa yake gane lokacinsa, bai iya karanta agogo ba kuma bai damu ya iya ba, sai ya miƙa wa Yaya ya ce ya riƙa kula da shi. Daga ranar nan Yaya ya kamu.

Akwai wani mutumin kudu mai gyaran agogo da yake da tebur kusa da gidan waya, Yaya ya liƙe masa har ya koyi aikin. Da ƙasa ta rikice mutumin ya koma garinsu, ya bar masa teburin da kayan aiki duka, har da ɗan gilashin nan da ake maƙalawa a ido ɗaya. Yaya ya mai da teburin bakin kasuwa ƙarƙashin wata tsamiya. Jama'a, Yayana ya yi suna. Malaman makaranta, ma'aikatan En'e, ma'aikatan jirgin ƙasa daga Malam Madori, alhazan da suka dawo da tsaraba, kowa wurinsa. Ya kan kara agogo a kunne kawai ya gaya maka ciwonsa. Kuma ba gyara kaɗai ba, tarawa yake yi, in ya ga mai kyau sai ya saya, yana da wani akwatin katako da ya shimfiɗa wa auduga ya jera su ciki sun kusa talatin, kullum bayan asuba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murɗa. Amma na Baffa shi ne babba, shi ne a hannunsa.

Ni kuma boko na yi, na samu aikin akawu a ma'aikatar gona ta wajen noman rani. Lokacin ne kuɗin mai suka shigo, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya haukace da sayen keke da rediyo da babur. Ni ciwon gidanmu na ɗauka, agogo. Na je Kano na ga sabon yayi, agogon Japan mai batir, ba murɗawa ba komai, mai kantin ya ce sai ya shekara bai ɓata minti ɗaya ba. Na saya, daga baya na ƙara wani mai jajayen lambobi da sai ka danna su haska, na ƙara wani, ni ma na fara jera nawa. Na kai wa Yaya ya gani ina murna, ya buɗe bayansa ya leƙa, ya rufe ya miƙo min, ya ce wannan ba agogo ba ne, in ya yi ciwo ba a jinyarsa sai jefarwa, kuma agogon da ba kai kake ba shi wani da hannunka ba baƙo ne a hannunka. Ni kuma na ce masa agogo don lokaci ake ɗaura shi ba don kiwo ba, shi ya mai da agogo saniya.

Da a nan ta tsaya da sauƙi. Ƙuruciya da sabon albashi suka ɗebe ni, na ce mu gwada. Muka saita nawa da na Baffa da ƙarar rediyo ta ƙarfe bakwai, muka ce sai ranar kasuwa mai zuwa. Ranar ta zo, mutane cike a gindin tsamiyar nan, nawa daidai, na Baffa ya yi baya da minti biyu. Na ɗaga hannu ina nuna wa mutane, na yi ta dariya, har na ce nan da 'yan shekaru teburin nan sai dai a kasa goro a kai. A gaban abokan cinikinsa na faɗa, ga surukinsa ma yana zaune. Yaya ya cire gilashin idonsa ya goge ya ci gaba da aiki. Abin da ya fi ciwo shi ne maganata ta tabbata. Masu batir suka cika gari suka yi arha, shi kuma ya rantse ba zai taɓa su ba, ko batir ba zai canza wa mutum ba. Aiki ya yi ta ja baya har ya naɗe teburin ya koma fadama noman shinkafa, mutumin da hannunsa ya saba da hantsaki ya koma riƙe fartanya. Mun fi shekara goma ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Rashin lafiyar Innarmu ce ta haɗa mu, ta sa hannuna cikin nasa kafin ta rasu, muka shirya, amma maganar agogo ba mu sake yin ta ba, ni kuma girman kai bai bar ni na ce ya yafe min ba.

To yanzu ga inda matsalar take. A ambaliyar da aka yi shekarun nan ruwa ya shiga ɗakin Yaya, an tsira da akwatin amma na Baffa yana aljihun rigar da ya rataye, ya kwana cikin ruwa, ya tsaya. Shi ba zai iya gyarawa ba saboda yanar ido ta rufe masa gani, kunnen ma ya yi nauyi sai an ɗaga murya. Bayan nan hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye, na hagun kuma rawa yake. Yana kwance ba ya cin abinci sosai, maganarsa ɗaya ce agogon Baffa. Wata rana ya sa aka kira ni, ya sa 'yarsa ta ɗauko shi ta ba ni, ya ce, “Auta, kai shi Kano. Ka nemi tsohon hannu, kada ka ba yaran nan. Amana ce.” Tun da aka haife ni ranar ce ta farko da ya yarda agogon nan ya shiga hannuna.

Na je Kano. Tsofaffi biyu na kai wa, kowanne ya buɗe ya girgiza kai, tsatsa ta cinye injin, sifirin ya karye, kayan irinsa kuma ba a samu. Na uku shi ne ya ce min Alhaji in dai so kake ya yi tafiya, a cire injin a sa masa mai batir, daga waje ba mai ganewa. Na daɗe zaune a kan bencinsa. Na tuna Yaya kwance yana jirana, na ce in na koma da shi a mace ban san abin da zai faru ba. Na ce a sa. Kuma tunda ba ku san ni ba bari in faɗi gaskiya, a wani lungu na zuciyata na ɗan ji daɗi, na ce ashe dai ƙarshenta batir ɗin ne zai cece shi. Wannan tunanin shi ya fi damuna yanzu. Mai gyaran ya goge cikin gidan agogon don sabon injin ya zauna, ya yanke 'yan ƙafafun da ke riƙe da fuskar agogon ya liƙa ta da gam, ya zuba min tsohon injin a takarda, yana nan cikin gwangwanin man zafi a ƙasan akwatina.

Na dawo na ɗaura masa a hannu na ce wani tsoho ne ya gyara. Ya kai kunne, ba ya ji da ma, ido kuma ba ya ganin yadda ɗan siririn hannun yake tsalle irin na masu batir. Ya ce tunda hannunsa ba ya aiki ni zan riƙa zuwa ina murɗa masa. Yau wata biyar ke nan, kullum na fito masallaci da asuba sai in hau babur in je, in cire agogon in yi ta juya kan nan a banza, shi kuma yana ƙirga min, in na kai ashirin ya ce ya isa kada ka matse shi. Wallahi tun da agogon nan ya dawo Yaya ya fara cin abinci, ya fara zama, ya yarda ana kai shi asibiti gashin ƙashi.

Wata biyu da suka wuce ya ce in saita shi da rediyo mu gani. Bayan sati ya sa 'yarsa ta duba, ta ce daidai yake Baba ko kaɗan bai kauce ba. Sai na ga hawaye na bin kuncin Yaya. Ya ce, “Auta ka gani? Da ma hannu yake so, in ya samu hannu ba ya ƙarya.” Na ce na gani Yaya. Sannan ya ce, “Maganar kasuwa ta tsaya min a nan shekara da shekaru. Yau na yafe maka, duniya da lahira.” Jama'a, yafiyar da na kasa roƙa sama da shekara arba'in ita ce aka ba ni, kuma a kan ƙarya aka ba ni. Na fito waje na tsaya a zaure na kasa tada babur.

Yanzu hannun ya fara dawowa. Likitan gashi ya ce ya riƙa motsa yatsu da ƙananan abubuwa, shekaranjiya da kansa ya sa maɓallin rigarsa, jiya ya riƙe cokali. Kowa a gidan murna yake, ni kaɗai ne gabana ke faɗuwa, kuma ina jin kunyar Allah a kan haka, ɗan'uwana na samun sauƙi ni ina tsoro. Don yatsun nan in suka taɓa kan agogon sau ɗaya sun gane, mai wani yana da nauyi a hannu yana ƙara tauri, wannan kuwa juyawa kawai yake fayau. Jiya da zan tafi ya ce min ranar Juma'a in Allah ya kai mu shi zai murɗa da kansa, in zo in gani.

Na yi shawara da maiɗakina, ta ce in ja bakina, ƙaryar da ta tada mara lafiya ba ƙarya ba ce, wataƙila ma yatsun ba za su ji ba. 'Yarsa ba ta sani ba, amma kullum gargaɗinta kada wanda ya kawo wa Baba abin da zai ɓata masa rai, likita ya ce in jinin ya sake hawa ba a san yadda za ta kaya ba. Wani aminina malami kuma ya ce amana aka ba ni na ci, kuma yafiyar da aka samu da yaudara sai an sake nema. Na koma Kano da tsohon injin ko za a mayar, ko a tsaye ne, aka ce an riga an goge gidan ba zai zauna ba. Na sa an tambaya min har Maiduguri ko za a samu irinsa sak, ba a dace ba, ko an samu ma bayan na Baffa akwai wani ƙarce da Yaya ya sani da yatsa. Har tunanin in ce ya faɗi a hanya na yi, sai na ga wannan kashe shi ne kai tsaye. Wani lokaci kuma in ina juya kan agogon sai in ga ya zuba min idon nan nasa mai yana, sai in ce anya mutumin da ya yi rayuwarsa cikin agogo bai san nauyin abin da ke hannunsa ya ragu ba? Ko ya sani ne yake rufa min asiri? Ban sani ba, kuma ba ni da hanyar tambaya.

Don Allah jama'a yaya zan yi? In je in durƙusa in gaya masa kafin Juma'a, in jinin ya hau ni na jawo? Ko in bari ya gano da yatsunsa a gaban 'ya'yansa, ya san cewa wata biyar ina zuwa da asuba ina yi masa wasan yara? In akwai mai gyaran da ya taɓa mayar da tsohon inji cikin gidan da aka goge, don girman Allah ya yi magana ta wurin admin, ko ina yake zan zo. Masu ilimin addini kuma ku gaya min matsayin yafiyar nan, tawa ce ko ba tawa ba. Kada ku zage ni, na zagi kaina ya isa. Yau Talata, ni dai gobe da asuba zan je in murɗa, don ban san abin da zan yi ba in ba haka ba.