A Fara Gyara Jirgin Da Ya Fi Gajiya

Zuwa ga Shugaban ƙungiyarmu ta manoman wake da riɗi ta Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina yi maka barka da damina, da fatan iyali da dattawan ƙungiya suna lafiya.

Ranka ya daɗe, ni ne Alhaji Haladu Mai Faci na Ɗanzomo. Kai ka san ni, amma tunda jama'a za su karanta, bari in faɗi ko ni wane ne. A aji uku na sakandare na tsaya. Da facin tayar keke na fara a gindin darbejiya a kasuwar Sule Tankarkar, ba ubangida, ba wanda ya ara mini ko sifana. Daga keke na koma babur, daga nan na kafa injin niƙa, yau ga motocina suna ɗaukar riɗi da shanu daga Maigatari zuwa kudu. Burtsatsen da unguwarmu ke sha ni na haƙa. Rumfar da jirgin feshinmu yake kwana, filina ne, kwanona ne. Bayan Allah, ba mai cewa shi ya ɗaga ni.

Na ɗaya. Ranar da ƙungiya ta kawo jiragen feshi marasa matuƙi, kowace ƙaramar hukuma da nata, wallahi kamar in yi tsalle don murna. Gonar da mutum zai yini yana goyon famfo, ruwan magani na bin bayansa, jirgin nan kafin ka gama alwala ya gama ta. Ni da na fara da tayar keke, yau ga jirgin sama a rumfata! A kan wannan ina yi maka godiya a bainar jama'a.

Na biyu, ga inda muka ɓata. Makanikin jiragen sau ɗaya yake zuwa daga Kano kafin feshi, kayan gyaran da yake riƙowa kuma ba sa isar duka. Sai muka tsara masa layi irin na zaman biki: Gumel farko don ita ce babban gida, sai Maigatari, sai Gagarawa, mu na Sule Tankarkar a ƙarshe. To jirgin Gumel yawanci baƙi ake tayar wa su gani su tafa. Shi aka sa wa sababbin farfela da bakin feshi. Namu da yake yini a sama har maƙwabta suna roƙon a zaga ta gonakinsu, da aka zo kansa sai aka goge masa ƙura aka ce Allah ya kiyaye.

Na uku. Bara, wake na tsakiyar fure, jirginmu ya yi wata ƙara ya faɗo a gonata, farfela ta tsage. Kafin a samo wata, tsutsa ta gama da furen. Ni ina da motoci, na jure. Amma maƙwabcina Malam Ibro, da waken nan yake ciyar da gidansa har rani. Dattijo ne, ya koma goyon famfo da rana tsaka, kuma harawa kawai ya kwashe. Sai da ya sayar da akuyoyinsa.

Na huɗu, kuma nan ne dalilin zumuɗina. Malama Hadiza, wadda ƙungiya ta koya wa tuƙa jirginmu, ta kira ni ta nuna mini allon na'urar da take riƙewa. Ranka ya daɗe, ashe jirgin nan yana faɗin gajiyarsa da kansa! Tsawon lokacin da ya yi a sama yana nan. Yawan maganin da ya ɗauka yana nan. Batirin da ya fara sanyi, injin da yake zafi fiye da 'yan'uwansa, duk ga su. Ban zauna ba sai da ta buga wa masu tuƙa sauran ukun suka duba nasu. Namu ya yi musu nisa ƙwarai, na Gagarawa na biye, na babban gida kuwa kamar jiya aka kwance shi daga kwali. Nan take na tuna motocina. Ban taɓa canza wa mota baƙin mai don wata ya kama ba, ko don direbanta ya girmi sauran. Wadda ta dawo daga kudu ita ake kwantarwa a duba, wadda ta yini a gareji ta jira. Haka nake yi tun ina da mota ɗaya.

Na biyar. Na kawo wannan magana a taron da ya wuce. Wasu dattawa suka ce raini ne a tsallake Gumel. Ina girmama su, kuma ni ba mai son a taɓa girman kowa ba ne. A bar wa Gumel buɗe taro da addu'a, a bar mata kujerar gaba, a fara miƙa mata goro, ranar baƙi a sa jirginta a gaba. Amma farfela ba ta san babban gida ba, aikin da ta yi kawai ta sani. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, da sakatare ya karanto bayanin taron, sai na ji ya ce wai "wani mamba ya kawo shawara, an ɗage." Wani mamba! Ni?

Ga buƙatuna. Wake ya fara yaɗo, fure na tafe, makaniki kuma yana hanya. Kafin ya sauka, a tara jiragen nan huɗu a rumfata. Motata za ta ɗauko su, man ma nawa ne. A buɗe allon kowanne a gaban dattawa, kowa ya gani da idonsa, wanda ya fi gajiya shi za a fara gyarawa. In baɗi na Gumel ne ya fi aiki, ni da kaina zan ɗauke shi in kai gaba. A kuma ajiye farfela ta ko-ta-kwana a inda ake yawan tashi. Na riga na ce wa Malam Ibro ya rataye famfonsa, bana ba zai goya ba. Kada ka sa in zama maƙaryaci a gaban maƙwabcina.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi riƙo da hannunka, ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana amfanin gona.

Saura abu ɗaya, kuma ba zan janye shi ba. A kira sakatare ya goge "wani mamba." Ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa Alhaji Haladu Mai Faci na Ɗanzomo ne ya kawo wannan tsari, a karanta a taro mai zuwa ina zaune. "Mai Faci" ɗin ma kada ya bar shi.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Haladu Mai Faci, Ɗanzomo