Inna, Na Daina Yi Wa Bashir Hayaƙi

Assalamu alaikum, Inna.

Ina miƙo gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji. Damina biyu ke nan da tafiyarki. Labarin Bashir na kawo miki, autanki da kika bar mini amana.

Yana nan yadda kika san shi. Gemu ya cika, amma har yau baki bai buɗe ba. In abin ya motsa, sai ya ciji hannunsa, ya yi jifa da duk abin da ya samu.

Kin tuna yadda muke yi? Da ya fara, maƙwabta sun cika tsakar gida. Maza uku su danne shi, ke ki zuba turare a kasko, a lulluɓe shi da zane har sai ya galabaita. Kina yi kina hawaye, kina cewa, "Ba shi ba ne, mutanen ɓoye ne." Ni ce mai hura miki garwashin.

Kwanakin baya aka yi wa masu kula da irin su Bashir horo a nan Tudun Wada. Na je ne kawai don kada a ce ban je ba. Sai malamar ta ce mu daina kallon rikicin, mu kalli abin da ya faru kafinsa. Ta koya mana mu kawar da wuƙa da ruwan zafi, mu sallami 'yan kallo, mu ja da baya, mu sassauta murya. Ta ce wanda ba ya magana, da jikinsa yake kai ƙara.

Na dawo gida na sa ido. Inna, ashe hayaƙi ne. Duk ranar da aka ƙona shara a lungu, ko na hura ɗanyen ice, sai ya toshe hanci ya fara kai-komo. Abin da ya fi tsana a duniya, shi muka shekara ashirin muna ɗura masa da sunan magani. Ban ga laifinki ba, iyakar saninki kika yi, kuma da so kika yi. Amma na yi kuka, nawa da naki.

Yanzu da na ga alama sai in ja shi ɗakin baya, in ba shi ruwan randa, in zauna nesa kaɗan in yi shiru. Ba kullum ake dacewa ba. Ran Talata na makara, ya cije ni a damtse.

Labarin cizon ya kai kunnen Kawu Isa, yayanki, a Gyallesu. Ya aiko cewa ran Asabar zai zo da mota a kai Bashir gidan mari, wai mace ba za ta iya da shi ba. Kin san tun da nake ban taɓa ɗaga ido na kalli Kawu ba. Ran Asabar zan durƙusa in gaishe shi, in kawo masa ruwa, sannan in ce a'a. In ya so, ya zauna in koya masa abin da aka koya mini. In ya ƙi, sai dai ya tsallake ni a bakin zaure. Tsoro kam ina ji, ba zan ɓoye miki ba.

Allah ya haskaka makwancinki, ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani, ya tsayar mini da ƙafafuna ran Asabar. Ki huta, Inna. Muddin ina numfashi, babu mai sa wa ɗanki ƙarfe a ƙafa.

'Yarki,
Rakiya