Muryar Dogo ta Dawo

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da yara. Allah ya kawo miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan mun gode Allah, muna ta haƙuri. Matar Dogo tana tare da ni, tana buga wa mutane takardu a kwamfutarsa, da haka asirinmu yake rufe.

Yaya, akwai abin da ban samu gaya miki ba da kika zo ta'aziyya. Kafin rasuwarsa, Dogo ya haɗa wata 'yar manhaja da kansa, saboda yawan mantuwata da maganin hawan jini. Kowace safiya in an kunna kwamfutar, sai muryarsa ta fito tana tambayata ko na sha, har da tsokanarsa, wai tsohuwa mai taurin kai. A ƙarshe ana jin ɗan tarinsa, tarin da muka ɗauka mura ce. Ya tafi, muryar ba ta daina ba. Ni kuwa amsa masa nake yi.

Makon jiya aka kunna, shiru. Na tsaya da kofin ruwa har hannuna ya gaji. Muka kai wa mai gyara. Ya ce manhajar tsaro mai farautar ƙwayar cutar kwamfuta ce ta sabunta kanta, ta ga fayil ɗin da ba ta sani ba, ta kulle shi, kuma ba da jimawa ba za ta goge shi. Amma ana iya gaya mata ta daina duba shi. Na ce to a hana ta taɓa duk irinsa mana. Ya girgiza kai, ya ce in aka yi haka kowace irin cuta ta samu hanyar shiga. Ko shi kaɗai aka ware, ba zai rantse cewa lafiyarsa ƙalau ba, don Dogo a intanet ya tsinto wasu sassansa. In da cuta a ciki, takardun mutane ne za su lalace, sana'ar yarinyar nan ke nan.

Na kasa roƙon matar Dogo ta yarda. Na san kullum fita take yi daga ɗakin kafin Dogo ya fara magana. Amma ita ta jawo kujera, ta ce a nuna mata wurin, ta ware fayil ɗin da kanta.

Muryar ta dawo, Yaya. Sai dai yanzu duk wanda ya kawo aiki, gabana faɗuwa yake. Yau da safe matar tasa ba ta fita ba, ta tsaya bakin ƙofa ta ba mu baya. Da ya yi shiru, ba ta ko juyo ba, ta ce in taya ta addu'a kada abin ya taɓa aikin mutane, don ko ya taɓa, ita kam ba za ta iya cire shi ba.

Ki gaishe da mai gidanki, da Autarki, da takwarata mai surutu. Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki mai kewarki,
Maman Dogo